Kalmar "charge": ina cajin waya ya haɗu da tuhumar kotu?

Ɗalibar Jarida:
Assalamu alaikum malamai. Ga kanun labarai uku irin waɗanda ake gani kullum a jaridun Turanci. "Governor charges youths to shun drug abuse". "Police charge two men with armed robbery". "Banks charge customers for SMS alerts". Kalma ɗaya ce a duk ukun, amma na san idan aka fassara su da kalmar Hausa ɗaya za a yi ɓarna. Yaya mutum zai gane wace ma'ana ake nufi ba tare da ya tsaya canki-canka ba? Kuma me ya haɗa duk wannan da cajin waya?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Ki fara da asalin kalmar, sauran zai zo da sauƙi. Turanci ya aro ta ne daga tsohon Faransanci, "chargier", wajen ƙarni na 13, lokacin da Faransanci yake harshen fada da kotu a Ingila bayan mamayar Normandawa ta 1066. Shi kuma Faransanci ya gada daga Latin, "carricare", wato yi wa keken doki lodi, daga "carrus", keken da dabba ke ja. Daga wannan tushen ne "car" da "cargo" da "carry" suka fito. To ma'anar farko ita ce ɗora kaya. Riƙe wannan kawai. Idan an ɗora maka laifi, tuhuma ke nan. Idan an ɗora maka biyan kuɗi, farashi ke nan. Idan an ɗora maka nauyin wani aiki, alhaki ke nan. Idan an ɗura wa batir wuta, caji ke nan. Hausa ma haka take yi: muna cewa an ɗora masa laifi, an ɗora masa haraji, an ɗora masa nauyi. Kalma ɗaya, kaya daban-daban.

Tafinta:
Malam, tarihin yana da daɗin ji, kuma gaskiya ne, amma ba shi zai ceci mai fassara ba lokacin da saura minti goma a karanta labarai. Sanin cewa an ɗora wa wani kaya bai gaya maka wane kaya ba ne. Abin da ke raba gardama shi ne 'yar ƙaramar kalmar da ke biye. Malama ɗaliba, duba kanun da kika kawo.

Na farko yana da "to" sannan aikatau: "charges youths to shun". Duk inda kika ga "charge" da mutum da "to" da aikatau, horo ne. Gwamna ya hori matasa, ko ya buƙaci matasa, ko ya yi kira ga matasa su guji shan miyagun ƙwayoyi. Babu kotu a ciki ko kaɗan. Na biyu yana da "with" sannan sunan laifi: tuhuma ce, 'yan sanda sun tuhumi mutum biyu da fashi da makami. Na uku yana da "for" sannan abin da aka yi wa mutum ko aka sayar masa: kuɗi ne, bankuna suna cirar kuɗi a kan saƙon da suke tura wa masu ajiya. Akwai na huɗu da ba ki kawo ba, "to" sannan asusu: "charge it to my account", wato a rubuta a asusuna, a cire daga can. Na biyar "at": "the bull charged at him", sa ya taso masa gadan-gadan.

Kuskuren da ya fi muni shi ne na farko. Idan aka ce gwamna ya tuhumi matasa, an juya labarin gaba ɗaya, an mai da nasiha ta zama ƙara.

Malamin Turanci:
Na yarda da ƙa'idar, amma tana da rami, kuma ramin a "with" yake. "The committee is charged with investigating the fire." Ga "with" nan, amma ba wanda ya tuhumi kwamiti. An ɗora masa alhakin binciken gobarar ne. Kwatanta da "The clerk is charged with starting the fire": ana tuhumar magatakarda da tayar da gobarar. Ginin jimlolin biyu iri ɗaya ne sak. Abin da ya raba su shi ne ko abin da ya biyo baya laifi ne ko aiki. A nan sai ka dawo ga tushen da ka raina, Tafinta: an ɗora masa wani abu, sai ka duba mene ne.

Tafinta:
An ci ni a wannan. Amma a lura, akwai jimlar da ko tushe ba zai warware ba. "He was charged with moving the files." An ba shi aikin kwashe takardun ne, ko ana tuhumarsa da kwashe su ba izini? Sai an karanta abin da ke gaba da baya. Idan aka ga kotu ko 'yan sanda ko ranar zama a kusa, tuhuma ce. Idan aka ga shugaba ko hukuma ko wa'adi, aiki ne. Kada a fassara irin wannan daga kanu kaɗai.

Barista:
Bari in shigo ta ɓangaren shari'a, don a nan ne kuskure yake iya jawo wa gidan jarida ƙarar ɓata suna. Matakai ne a jere, kowanne da kalmarsa, kuma 'yan jarida suna cakuɗa su.

"Allege" ko "accuse" zargi ne. Kowa na iya yi, maƙwabcinka ma na iya zarginka. Lura "accuse" da "of" take tafiya, ba "with" ba. "Charge" kuwa tuhuma ce a hukumance, a rubuce, wadda mai gabatar da ƙara ya shigar: ta faɗi wane ne, me ya yi, a ina, yaushe, da sashen dokar da ya saɓa. "Arraign" shi ne gurfanarwa, ranar da aka tsayar da mutum gaban alƙali aka karanta masa tuhumar aka tambaye shi ya amsa ko ya musanta. "Convict" samu da laifi. "Sentence" yanke hukunci. Mutumin da aka ce "has been charged" har yanzu marar laifi ne a idon doka. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya faɗi haka, har sai an tabbatar da laifinsa. Saboda haka "an same shi da laifi" ko "an kama shi da laifi" ba fassarar "charged" ba ce ko kusa.

Sai "count". Idan aka ce "a 16-count charge", takardar tuhuma ɗaya ce mai ɗauke da tuhume-tuhume 16, kowacce za a karanta ta daban, a amsa ta daban, kuma ana iya samun mutum da laifi a 3 a wanke shi a 13. Ba ƙara 16 ba ce, ba kuma shekara 16 ba.

A kotunan majistare na Arewa kuma akwai wani abin lura. Yawanci ba da takardar tuhuma ake farawa ba, da rahoton farko na 'yan sanda ake farawa, wanda ake kira FIR. Shi ake karanta wa wanda ake ƙara. Ɗan jarida ya ji an karanta wani abu sai ya rubuta "charge" alhali takardar da ke gaban alƙali sunanta daban.

Ɗalibar Jarida:
Barista, to "holding charge" fa? Da kuma "discharged and acquitted", me ya sa ake jera su biyu, ba abu ɗaya ba ne?

Barista:
Ba ɗaya ba ne, ƙanwata, kuma bambancin na iya zama tsakanin barci a gida da komawa gidan yari. "Discharge" sallama ce. An sauke maka kayan, kin ga tushen Malam ya dawo. Ana iya sallamar mutum don mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko shaidu ba su bayyana ba, ko an janye ƙarar tun ba a shiga cikinta ba. Irin wannan sallamar ba ta hana a sake kamo shi a sake tuhumarsa da laifin nan dai. "Acquit" wankewa ce: kotu ta saurari maganar ta ce ba a tabbatar da laifi ba. Wanda aka wanke, sashe na 36(9) ya hana a sake yi masa shari'a a kan wannan laifin, sai dai da umarnin kotu ta sama. Don haka ki rubuta "an sallame shi kuma an wanke shi" idan duka biyun aka faɗa. Idan "discharged" kaɗai aka ce, kada ki ƙara wankewa daga aljihunki.

"Holding charge" kuwa al'ada ce da lauyoyi suka daɗe suna suka. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. To sai a ɗauki wanda ake zargi da kisa ko fashi a kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifin, don kawai a samu umarnin tsarewa. A takarda an kai shi kotu, a zahiri shari'arsa ba ta fara ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta sa wa tsarewar iyaka, kwana 14 a karon farko, sai an koma kotu a nemi ƙari. A Hausa a ce tuhumar wucin gadi don a samu damar tsare shi. Kada a ce an fara shari'arsa.

Tafinta:
Tunda muna kotu: "he was charged to court". Jaridunmu sun cika da ita. Bature ba ya faɗin haka, zai ce "he appeared in court charged with theft". Ni ina ganin kuskure ne da ya yi jijiya.

Malamin Turanci:
Kuskure a jarrabawa, i. Amma abin da alƙalai da lauyoyi da 'yan sanda na ƙasa guda suke faɗa shekara da shekaru ya wuce a kira shi kuskure kawai, ya zama Turancin Najeriya. Shawarata ga ɗalibi: ka gane ta idan ka gani, ka fassara ta da "an gurfanar da shi", amma idan kana rubuta wa mai karatu na waje ko kana amsa jarrabawa, yi amfani da "charged with". Haka "charge and bail", laƙabin da ake yi wa lauyan da ke zaman jiran ƙananan ƙararraki a harabar kotu. Ba za ka same shi a bakin mutumin Landan ba. Barista, ba da ke nake ba.

Barista:
Na ji, Malam. Zan shigar da ƙara.

Akanta:
A ɓangaren kuɗi, matsalar ɗalibai ita ce rarrabe "charge" da 'yan uwanta. "Price" farashin kaya ne, abin da za ka ɗauka ka tafi da shi. "Charge" yawanci kuɗin aiki ne ko hidima: kuɗin kai kaya, kuɗin ajiya, abin da banki ke cira. "Fee" kuɗin ƙwararre ne ko makaranta. "Fare" kuɗin mota ko jirgi. "Fine" tara. "Cost" abin da abu ya ci maka. Mai sayarwa shi ke yin "charge", kaya su ke yin "cost". Shi ya sa ake cewa "How much do you charge?" ga tela, amma "How much does it cost?" a kan yadin. Wanda ya ce wa tela "How much do you cost?" ya tambayi farashin telan ne kansa.

Ginin jimlar kuma: mutum ya fara zuwa, sai adadi, sai "for". "He charged me 5,000 naira for the repair." Ba a sa "from" kafin mutumin, ko da yake Hausar "ya karɓa daga wurina" tana jan hannu zuwa can. "Free of charge" kyauta. "Overcharge" tsawwalawa ko cajin da ya wuce ƙima. "Surcharge" ƙari a kan kuɗin asali. "Service charge" a otal ko gidan abinci kaso ne da ake ɗorawa a kan lissafi, a gidan haya mai benaye kuma kuɗin gadi da shara da janareta ne, daban da kuɗin haya.

Amma ga wadda take kayar da mutane sosai. A harkar bashi, "charge" na nufin jingina. "The bank has a charge over the factory" ba wai banki yana karɓar wani kuɗi a kan masana'antar ba ne. An jinginar masa da ita, in an kasa biya yana da haƙƙin a sayar ya ɗauki kuɗinsa kafin masu bin bashin da ba su riƙe komai ba. Iri biyu ce. "Fixed charge" tana kan kadara takamaimai, fili ko gini ko injin, kuma kamfani ba zai sayar ba sai da yardar banki. "Floating charge" tana shawagi a kan dukiyar da ke shiga tana fita, kamar hajar da ke sito. Kamfani na ci gaba da saye da sayarwa har ranar da ya gaza, sai jinginar ta sauka ta kama duk abin da ta tarar. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, dole a yi rajistar irin wannan jinginar a hukumar rajistar kamfanoni cikin kwana 90. In ba a yi ba, ranar da kamfani ya rushe banki zai shiga layi ɗaya da sauran masu bin bashi, takardarsa ba ta ba shi fifiko ba.

Ɗalibar Jarida:
Hajiya Akanta, "first-line charge" da ake ji lokacin kasafin kuɗi, ita ma jingina ce?

Akanta:
'Yar uwarta ce amma ba ita ba. Kuɗi ne da doka ta ɗora kai tsaye a kan asusun gwamnati, ana fitar da shi tun kafin a zo rabon ma'aikatu. Sashe na 84 na tsarin mulki ya yi amfani da wannan lafazin a kan albashin wasu manyan jami'ai, har da alƙalan manyan kotuna: ya ce albashinsu "charge" ne a kan asusun tara kuɗin shiga na tarayya. Hikimar ita ce kada wanda ke riƙe da lalitar gwamnati ya riƙe wa alƙali albashi don ya matsa masa. A fassara a ce kuɗin da ake cirewa tun daga tushe.

Injiniya:
Ni dai an bar ni a baya, alhali ma'anata ce kowa ya fi furtawa a rana. A kimiyyar lantarki "charge" suna ne na wani abu da ake aunawa, kamar yadda ake auna nauyi. Iri biyu ne, wanda ake sa wa alamar tarawa da wanda ake sa wa alamar ɗebewa. Benjamin Franklin ne ya yaɗa waɗannan sunayen a shekarun 1740, lokacin da ake gwaji da kwalbar Leyden, wadda ake tara lantarki a cikinta. Mutanen lokacin suna ganin kamar ɗura wani ruwa ake yi a kwalba, kamar yadda ake ɗura albarushi a bindiga, wanda shi ma "charge" ake ce masa. Ma'aunin "charge" na lantarki shi ne kulom: amfiya ɗaya da ta gudana tsawon daƙiƙa ɗaya. Lambar mAh da ke jikin batirin waya ma'aunin wannan ne. Batir mai 5,000 mAh amfiya 5 ne na awa ɗaya, 5 sau 3,600, kulom 18,000.

Inda mutane ke ruɗewa: mAh ba ya gaya maka ƙarfin aikin da batir zai yi sai ka haɗa da volt. Fawa banki mai 10,000 mAh, ƙwayoyin cikinsa volt 3.7 ne, wato wat 37 na awa ɗaya. Yana ɗaga wutar zuwa volt 5 kafin ta fita, waya kuma ta sake sauke ta, kowane juyi ana asarar wani abu ya tafi a zafi. Shi ya sa ba ya cika waya mai 5,000 mAh sau biyu, sai wajen sau ɗaya da rabi. Ba lalle jabu ba ne.

Ga yadda ake faɗa a Turanci. "The phone is charging", waya tana caji, ba sai an ce "is being charged" ba. "Put it on charge", sa ta a caji. "It doesn't hold a charge", ba ta riƙe caji, batir ya gaji. "Overcharge" a nan ba tsada ba ce, cika batir ne fiye da ƙima: ƙwayar litiyom da ta kamata ta tsaya a volt 4.2 in aka wuce da ita sai ta kumbura ko ta kama wuta. "Charge controller" na sola aikinsa ke nan, ya tsaya tsakanin faranti da batir ya hana wuce gona da iri. A mota kuma, fitilar nan mai hoton batir da ke kamawa ana cikin tafiya ba cewa take batir ya mutu ba, cewa take ba a yi masa caji. A auna: mota a kashe batir mai lafiya na nuna wajen volt 12.6, in an tayar ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, a duba bel da altaneta kafin a kashe kuɗi a sabon batir.

Tafinta:
Injiniya, a littafin umarnin na'urar sanyaya ɗaki akwai "refrigerant charge" da nauyi a gefensa. Wasu na fassara shi da cajin lantarki.

Injiniya:
Ba lantarki a ciki sam. Adadin gas ɗin da aka ɗura wa na'urar ne, da giram ko kilo ake rubuta shi a farantin da ke jikin ɓangaren na'urar da ke waje. "Recharge the system" a ƙara gas. Masu gyara da yawa da ido suke zubawa, alhali da sikeli ya kamata. In ya yi kaɗan, sanyi ya ragu, bututu ya yi ƙanƙara. In ya yi yawa, matsi ya hau, kwamfireso ya sha wuta ya yi zafi, wani lokaci ruwan gas ɗin ya koma cikinsa ya lalata shi. Haka "turbocharger" a injin mota: iska yake ɗura wa injin da matsi, ba ruwansa da batir. Duk inda injiniya ya ce "charge", tambayi me ake ɗurawa.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga malamai daga wannan ɓangaren iyaka. Mu da muka yi boko da Faransanci muna da namu tarkon. A Faransanci "charger" har yau tana nan da ma'anarta ta asali: "charger un camion", yi wa babbar mota lodi. Turanci ya bar wannan ya koma "load", wadda ta ba Hausa "lodi". To ɗan Nijar da ya ce "charge the lorry" a Kano, za a ɗauka batir yake nufi ko kuɗin shiga tasha. Ta ɗaya gefen kuma, Faransancin Faransa ba ya amfani da "charger" wajen neman kuɗi, "facturer" ake cewa ko "faire payer". A kotu "témoin à charge" shi ne shaidan mai ƙara, "témoin à décharge" shaidan wanda ake ƙara. "Ministre chargé de" kaza, ministan da aka ɗora wa wannan ɓangaren. "Prise en charge" ɗaukar nauyi, kamar na marar lafiya.

Sai "chargé d'affaires", wadda Turanci ya sake arowa daga baya bai taɓa ta ba. Ba a karanta kalmar farkon kamar "caji", farkonta "sha" ne, ƙarshenta "e": sharje dafer. Muƙaddashin jakada ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta sa shi a aji na uku na shugabannin ofishin jakadanci, kuma wurin ministan harkokin waje ake tura shi, ba wurin shugaban ƙasa ba. Idan ƙasa ta janye jakadanta ta bar irin wannan jami'in, alama ce dangantaka ta yi sanyi amma ba ta yanke ba.

Malamin Turanci:
Madalla da wannan. Ya tuna min da tagwayen da harafi uku ke rabawa. "The nurse is in charge of the children": ma'aikaciyar jinya ce ke kula da yaran. "The children are in the charge of the nurse": yaran suna hannunta. Da "the" da babu "the", mai riƙo da abin riƙo sun musanya wuri. Wanda ya rubuta "The prisoners are in charge of the warder" ya ba fursunoni mulkin gandiroba. Kuma yaran kansu ana iya kiransu "her charges", amanar da aka ba ta. "Take charge" karɓar ragama. Daga nan muka samu "incaj" da ake kiran shugaban ƙaramin asibiti.

Tsohon Soja:
Kun bar ta filin daga. "Charge" sukuwa ce a kan abokan gaba gaba ɗaya, ba harbi daga nesa ba. A yaƙin Omdurman a Sudan na ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar mahaya ta 21 ta Ingila ta yi irin wannan a kan mayaƙan Mahadi, Winston Churchill yana cikinsu yana matashin hafsa. Mu ba ma buƙatar dogon bayani: wanda ya ga jahi a hawan sallah, mahaya sun sako dawaki a guje sun zo sun ja linzami gaban sarki, ya ga siffarta, sai dai wannan gaisuwa ce. "Charger" kafin ta zama caja, dokin yaƙi ce. In kun gan ta a tsohon littafi kada ku nemi soket. "Lead the charge" a jarida yanzu jagorantar wani yunƙuri ne kawai. "Explosive charge" ƙunshin nakiya. A bariki kuma "put on a charge" shi ne a rubuta soja don ladabtarwa gaban kwamandansa.

Malamin Turanci:
Yallabai, wannan ce ma'anar da ta fi nisa da ɗora kaya, amma hanyar tana nan: ka saki dukkan nauyinka a kan abokin gaba. A ƙwallo ma haka, "shoulder charge" bangaza da kafaɗa. Sannan "a charged atmosphere", wuri ya ɗau zafi, an aro daga ɓangaren Injiniya.

Abu biyu kan rubutu da furuci. "Charging" tana yar da "e", amma "chargeable" tana riƙe ta, don in aka cire sai "g" ta koma irin ta "gari". Kuma yawancin mutanen kudancin Ingila ba sa furta "r" ɗin da ke tsakiya. Daga bakinsu muka ji, shi ya sa muke da caji da caja, ba carji da carja ba.

Tafinta:
Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi damuna: yaushe ya halatta a bar "caji" a fassara? Hausa ta ari kalmar sau uku a lokuta daban-daban. Caji ofis tun zamanin Turawa, daga "charge office", ɗakin da ake rubuta tuhuma a ofishin 'yan sanda, har sunan ya mamaye ginin duka. Sai cajin kuɗi, "nawa ya caje ka?" Sai cajin batir. Ra'ayina: na batir a bar shi, ba mu da wadda ta fi shi. Na kuɗi ya zauna a hira da talla, amma a labarai "karɓa" ko "cira" ko "sanya kuɗi" sun fi tsabta. Na kotu kuwa a guje shi ƙwarai, tuhuma ta wadatar.

Barista:
Na goyi baya, kuma ga ƙarin dalili. A Hausar yau "an caje shi" na iya nufin an laluba aljihunsa a shingen bincike. Turancin "charge" ba shi da wannan ma'anar ko kaɗan, "search" ake cewa ko "frisk". Ɗan sanda ya ce "mun caje shi", mai fassara ya rubuta "we charged him", rahoto ya nuna an tuhumi mutumin da aka laluba kawai aka sake shi.

Ɗalibar Jarida:
Allah ya saka da alheri. Bari in gwada, ku gyara min. "The officer in charge of the motor park was charged with overcharging drivers, but was later discharged." Na ce: an samu jami'in da ke kula da tashar mota da laifin tsawwala wa direbobi kuɗi, amma daga baya aka wanke shi.

Akanta:
"Kula da" daidai, "tsawwala" daidai.

Barista:
Biyu sun faɗi. "An tuhumi", ba "an samu da laifi" ba. "Aka sallame shi", ba "aka wanke shi" ba. Yadda kika rubuta, kin ɗaure shi a farkon jimla kin kuma rufe ƙofar sake gurfanar da shi a ƙarshenta, alhali kotu ba ta yi ko ɗaya ba. Sake rubutawa ki turo.